Hausar Agege ko ta Kano: da wacce zan yi gambarar zamani?

Tambaya: Yaya, ni haifaffen Agege ne, iyayena 'yan Kano. Shekara biyu ke nan ina rubuta waƙar hip hop. In na yi da Hausar da muke yi a unguwa, 'yan uwana na Arewa su ce ta gurɓace da Yarbanci. In na kwaikwayi ta Kano, abokaina na nan su ce ba ni ba ne. Kuma ina jin ana cewa salon New York, salon Atlanta, salon Landan. Mene ne bambancinsu, ni kuma wanne zan kama?

Amsa: Ƙanena, tambayarka biyu ce a ido amma saiwarsu ɗaya, don haka bari in haɗa su. Na kusa shekara ashirin ina zaune gaban na'urar haɗa sauti a wani ɗan ɗaki a nan Agege, kuma yaran da suka shigo min da littafin baitoci a aljihu suna wannan ƙorafi naka ba sa ƙirguwa. Salo ba rigar gwanjo ba ne da za ka je Katangowa ka ɗaga wannan ka ajiye waccan. Duk salon da ka ji an laƙaba wa sunan gari, bakin mutanen garin ne ya haife shi, da irin wurin da suke sauraron waƙa, da na'urar da ta faɗo hannun makaɗansu a lokacin.

A unguwar Bronx ta New York abin ya tsiro. Ranar 11 ga Agusta 1973 wani saurayi ɗan asalin Jamaika, DJ Kool Herc, ya yi kiɗa a wata liyafa a titin Sedgwick. Ya lura masu rawa sun fi zaucewa a daidai inda mawaƙi ya yi shiru ganguna kaɗai ke tashi, sai ya riƙa ɗora faifai biyu iri ɗaya yana maimaita wannan gurbin. A kan gurbin nan masu magana suka fara zuba baki. New York birni ne na cunkoso, na jirgin ƙarƙashin ƙasa da tafiyar ƙafa, mutum ya toshe kunnensa yana bin kalma ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa mawaƙansu irin su Nas da Biggie da 'yan Wu-Tang suke cusa magana dam a cikin layi, kiɗan kuma busasshe, wajen bugu 90 a minti. Har na'urar ma da hannunta a ciki: SP-1200 da makaɗansu da dama suka yi aiki da ita daƙiƙa goma kacal take iya ɗauka, dole ka yanko ɗan guntun sauti ka yi ta juya shi. Ƙarancin da ya zame musu dole shi ne yau ake kira salo.

Los Angeles kuwa garin mota ne. Dr. Dre, wanda ya fito daga Compton, ya gina kiɗansa don lasifikar bayan mota, a hankali, mai santsi, kuma daga 1992 wannan sauti ya mamaye ko'ina. Saurari Snoop Dogg ka ji yadda yake jan kalma kamar wanda ba ya sauri zuwa ko'ina. Gabar da ta shiga tsakanin gabas da yamma ta ƙare da gawa biyu, Tupac a 1996, Biggie a 1997.

Amma labarin da ya shafe ka shi ne na kudancin Amurka. A 1995 aka ba OutKast, samari biyu daga Atlanta, kyautar sababbin mawaƙa a wani biki a New York, 'yan kallo suka yi musu ihu. Laifinsu bai wuce baki ba: Turancinsu na ƙauye ne a kunnen ɗan New York, suna haɗiye ƙarshen kalma, suna jan wasali. To wannan haɗiyar ita ta zama makaminsu, don kalmomi biyu da ba su dace ba a takarda sai su dace a bakin ɗan Atlanta. Suka haɗa da gangar 808 ta kamfanin Roland, na'urar da ta fito a 1980 ba ta yi kasuwa ba, aka daina ƙera ta, ta koma araha a hannun masu sayar da tsofaffin kaya. Yau wannan gurnanin da kake ji yana kaɗa gilashin mota, daga Ikeja har Sabon Gari, jikan 808 ne. A Houston DJ Screw ya riƙa rage gudun faifai har murya ta yi kauri kamar ta mai magagin barci. A Memphis aka saba da zuba gaɓa uku-uku a kan bugu ɗaya, Migos na Atlanta suka ɗauka wajen 2013 suka watsa wa duniya. Waɗanda aka yi wa dariyar baki su ne suka riƙe kasuwar fiye da shekara ashirin. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai diril, wanda ya fi kowane salo yawo. Ya tashi a kudancin Chicago, Chief Keef ya fito da shi fili a 2012. Yaran Brixton a kudancin Landan suka ɗauka suka sauya masa ganga, suka sa gurnanin yana zamewa sama da ƙasa, wajen bugu 140 a minti. Daga nan ya sake tsallaka teku ya koma Brooklyn, inda marigayi Pop Smoke ya hau kiɗan 'yan Landan. Zuwa 2020 ga shi a Kumasi da harshen Twi, ana kiransa asakaa, sunan da ya samo asali daga sarar yaran garin ta juya kalma baya ta koma gaba. Yaran bayan garin Paris ma haka suke juya Faransanci, suna kiran abin verlan. Mu da muka tashi muna zaurance don kada manya su gane hirarmu, wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Abin lura shi ne, kiɗan yana tafiya da fasfo ɗaya, amma duk garin da ya sauka sai ya ajiye harshen da ya zo da shi ya ɗauki na masu gida. Ɗan Landan yana cewa wagwan, daga bakin 'yan Jamaika, yana kuma rantsuwa da wallahi ko da bai taɓa shiga masallaci ba, saboda ya tashi da 'ya'yan Somaliya da Larabawa a layi ɗaya. Babu wanda ya ce masa Turancinsa ya gurɓace, ko an faɗa ma bai saurara ba.

Mu dawo gida. Lokacin da nake koyon aiki, abin alfahari a Ikko shi ne ka yi rap a ɗauka daga Amurka ka sauka jiya. Yaro bai taɓa wuce Ojota ba amma yana murɗe harshe yana kiran sunayen titunan Brooklyn. Su Remedies da Trybesmen, a ƙarshen shekarun 1990, suka fara cusa Turancin buroka da Yarbanci, kuma ka sani Eedris Abdulkareem na Remedies a Kano ya tashi. A farkon shekarun 2000 Ruggedman ya fito ya caccaki masu haɗiye harshe ba ma'ana, aka yi ta cacar baki. Modenine ya riƙe tutar tsantsar Turanci, gwani ne ba musu, ya sha kyaututtuka, amma kwandastan danfo bai taɓa rera shi ba. Wanda ya fasa ƙofar shi ne Dagrin, bayan Lord of Ajasa ya share hanya. Ya yi rap da Yarbancin titi, ɗanye, irin wanda ake zagi da ciniki da shi. Ya yi hatsarin mota a Mushin ya rasu ranar 22 ga Afrilu 2010, ana tsakiyar yayinsa. Olamide, ɗan Bariga, ya ɗora daga nan, ya kafa kamfanin waƙa na YBNL a 2012, kuma daga lokacin babu mai jin kunyar harshen uwarsa a situdiyo.

Mutane da yawa ba su san saiwar wannan salo ba. Sauti ne na fuji, fuji kuma daga kiɗan tashin sahur ya fito, wanda samarin Yarabawa Musulmi suke zagaya unguwa da shi a watan azumi, kafin marigayi Sikiru Ayinde Barrister ya mayar da shi sana'a. Ka haɗa wannan da kiran kwandasta a bakin mota, yadda yake sare sunan unguwa yana maimaitawa, da hayaniyar 'yan tasha, ka sami muryar titin Legas: a shaƙe, da ƙarfi, gajerun jimloli masu saurin kama baki. Ajegunle ta ba da rawar galala a zamanin Daddy Showkey. Agege ɗin nan tamu ita ake jingina wa shaku shaku da ya ɓarke a 2017, kuma ni shaida ne, na ga yara suna wannan rawar a bakin layin dogo tun ba ta da suna a talabijin. Small Doctor ɗan nan ne. Naira Marley a nan aka haife shi kafin a kai shi Peckham yana ɗan shekara 11, shi ya sa bakinsa ya haɗa Landan da Agege. Ka fita Legas kuma ka ji wani abu dabam: Phyno da Ibo daga Inugu, Erigga da burokan Warri, Odumodublvck da diril ɗin Abuja, su M.I da Jesse Jagz da Ice Prince da suka sauko daga Jos da tsabtataccen Turanci da natsuwar mutanen kan dutse.

Sara kuwa, ita ce katin shaidar unguwa. Aikinta biyu: ta haɗa na ciki, ta bar na waje a tsaye yana zare ido. Shi ya sa take saurin mutuwa. Da zarar ka ji kalma a tallan banki ko a bakin ɗan siyasa, to yaran da suka ƙirƙire ta sun daɗe da yar da ita. Kaɗan ne suke tsira. Japa, wato tserewa ƙasar waje, ta tsira har ta shiga ƙamus na Oxford, tare da agbero da suya, kamar yadda danfo da okada da Kannywood suka shiga a 2020. Ka dubi kuma yawan Hausar da ke yawo a bakin 'yan Legas ba su ma san tamu ba ce: wahala, shikena, haba, barawo, jara wadda gyara ce ta ciniki. Aboki ma tamu ce, ko da yake sun ɗauki kalmar zumunci sun mayar da ita abin kiran mai gadi da mai wankin takalmi, kuma duk wanda ya tashi a nan ya san yadda take suka in an faɗe ta da wata murya. Ka ga ashe aron kalma ba hanya ɗaya yake bi ba. Sun ci namu sun ƙoshi, babu wanda ya ce Yarbancinsu ya lalace.

To yanzu ga maganar 'yan uwanka na Arewa. Ka tambaye su: Hausar wa? Basakkwace zai ce biyat, ya ce mi, ya ce hwara, Bakano ya yi masa dariya, shi ma ya rama. A Zariya da Bauchi za ka ji ana cewa motan, rigan, ba ruwan mutane da motar ko rigar. Sannan ka lissafa waɗanda suka ɗaga gambarar zamani da Hausa: DJ AB ɗan Kaduna, ClassiQ da B.O.C Madaki daga jihar Bauchi, Morell daga Borno, Kheengz daga Minna. Garuruwan cuɗanya ne, inda Hausa take gogayya da Turanci da wasu harsuna kullum, kuma Ingausa suke zubawa ba kunya. Kano tana da nata gwanaye, ga Nomiis Gee da ya daɗe yana haska mawaƙan a shirye-shiryensa na Arewa24, sai dai can kasuwar nanaye ta fina-finai ta fi ƙarfi, ga kuma idon hukumar tace fina-finai da na jama'a. Ka tuna a 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon ClassiQ. Wannan ma yana sassaƙa salo: mawaƙin da ya san ana sa masa ido dole ya ƙware a habaici da zambo cikin lulluɓi. A Yamai su Kaidan Gaskiya da Wass-Wong sun cakuɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci. A unguwar Nima ta Ankara, babban birnin Gana, ƙungiyar VIP ta sa Hausar zango cikin waƙa tare da Twi, aka yi rawa da ita a Gana gaba ɗaya. Kowa da Hausar garinsu ya fito. Ta zangon Ikko ce kaɗai har yau ban ji wanda ya tsaya ya ɗauke ta da muhimmanci ya kai ta inda ya kamata ba, alhali ga mu nan tun zamanin fataken goro, daga Agege zuwa Idi-Araba, Obalende, Mile 12, Alaba Rago.

Sai dai kada ka ji daɗi da wuri, don akwai inda 'yan uwan naka suke da gaskiya, kuma nan ne aikina yake. Cakuɗa harshe ba laifi ba ne. Karya Hausa don ta shiga kiɗan da ba a ɗinka mata ba, shi ne laifi. Turanci harshe ne na dannawa: kowace kalma tana da gaɓa guda da ake bugawa da ƙarfi, sauran a murƙushe su yadda aka ga dama. Hausa ba ta yarda da haka. Muna da gajeren wasali da dogo, muna da karin sauti na sama da na ƙasa, kuma in ka taɓa ɗaya ma'ana ta tashi.

Wani yaro ya taɓa zuwa min da kiɗan da ya sauko da shi daga intanet, irin na Atlanta, da layinsa na farko: “Na shigo gari ba ni da ko sisi.” Layi mai kyau. Amma bugun ya faɗo a kan “ga”, shi kuma don ya cike gurbin sai ya ja ta. Muna cikin sauraro mai shayin ƙofarmu, wani dattijo Bakatsine, ya shigo da kofuna a faranti. Ya tsaya ya kasa kunne, ya ajiye farantin, ya ce, “Ɗan nan, garin masara ka shiga ko na rogo?” Yaron ya yi sau goma sha yana sake ɗauka, ya kasa, don kunnensa ya riga ya bi kiɗan. Sai da muka matsar da layin gaba kaɗan, “shi” ta hau bugun, “gari” ta faɗo a tsakani da gajeren wasalinta, sannan ya shiga birni ya fita daga buhu. Haka wuya: ta wahala daga ƙasa take farawa ta hau, na jiki daga sama yake farawa ya sauko. In karin waƙarka ya juya su, ka ce ka sha wuya, mai sauraro ya ji kana shan maƙogwaro. Kuka na hawaye da kuka ta miya ma haka.

Ga ma'aunin da nake koya wa yara. Gaɓa gajera, irin ta ko ka mai gajeren wasali, taki ɗaya ce. Gaɓa mai nauyi, wadda ke da dogon wasali ko ta rufe da baƙi, irin kan ko tak, taki biyu ce. Ɗauki talaka da kasuwa. A takarda kowacce gaɓa uku ce. A baki kuwa talaka taki uku ce, kasuwa taki biyar. Saboda haka talaka za ta zauna daram a cikin zubin uku-uku na 'yan Migos, kasuwa kuwa in ka tura ta ciki sai ta fito a gurguje kamar bakin Bature. Wannan ba sabon ilimi ba ne, da shi malaman rubutacciyar waƙa suke auna baitocinsu tun zamanin su Nana Asma'u. Kuma abin da zai ba ka mamaki, gaɓa mai nauyi ɗaya da gajera ɗaya sun ba da uku cif, shi ya sa kiɗan kalangu da yawa yake tafiya a kan uku-uku tun kafin a haifi kakan wani a Memphis. Ka saurari Shata da kunnen ma'aikaci, ba na ɗan biki ba, ka ji yadda yake zaunar da kalma ba ya taɓa murɗe ta. Ka saurari Ɗan Maraya Jos shi kaɗai da kuntiginsa yana ba da labari da muryoyi biyu. Ka je inda ake dambe ka ji kirari. 'Yan gambara da aka ara sunansu aka ba wannan waƙa taku, gugar zana da ba'a da saurin baki su ne jarinsu. Abin da yara ke kira fulo, wato yadda ake zuba kalma a kan kiɗa, muna da shi iri-iri a gida.

Sai cutar amsa-amo. Kusan duk kalmar Hausa da wasali take ƙarewa, don haka dacewar ƙarshen layi ba ta da tsada a wurinmu, abin da ba shi da tsada kuma ba ya burge kowa. Cikin littafi goma da ake kawo min, takwas ko tara a kan duniya, zuciya, gaskiya, lafiya, tafiya, dukiya suke hawa, kamar an yi musu wahayi tare. Da na ga “duniya” a ƙarshen layin farko na san sauran biyar ɗin. Bature yana wahala kafin ya sami kalmomi biyu masu dacewa, shi ya sa ake tafa masa in ya samu. Kai sai ka nemi wahalar a wani wuri, ka dace gaɓa biyu ko uku a jere, ka sa amsa-amo a tsakiyar layi, ka dace har da karin sautin.

A nan ne kai ɗan Agege ka fi ɗan Kano kayan aiki, don rumbu uku kake ɗiba. Owo, kuɗi ke nan da Yarbanci, ta dace da tuwo, yawo, kawo, dawo. Ka ce, “Tun asuba nake yawo, ban ga owo ba balle tuwo.” Ko ka ce, “Kwandasta na kiran Oshodi, aljihuna na kiran kuɗi.” Ba wani babban baiti ba ne, yanzu na ƙaga shi ina rubutu, amma ɗan Fagge ba zai iya rubuta shi ba, ɗan Bariga ma haka. Kai kaɗai ne kake tsaye a inda waɗannan kalmomi suke haɗuwa. Wannan shi ne abin da 'yan Atlanta suka yi da bakin da aka raina.

Don haka hukuncina: yi da Hausar unguwarku. Amma da sharaɗi. Ka sauya harshe a gaɓar magana, inda kake sauyawa in kana hira da abokanka a teburin mai shayi, ba a tsakiyar kalma don kiɗa ya matse ka ba. Kuma ka ajiye sauyin don wurin da naushin yake, ya zama Yarbancin ko burokan shi ne dukan ƙarshe. Ka riƙe ƙ da ɗ da ɓ da ts da kyau. Yaranmu na nan suna sakinsu, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, kuma wannan asara ce biyu, ta ma'ana da ta sauti, don babu abin da ke fashewa a makirufo kamar ƙ da ts in an furta su daidai. Ganga ce kyauta a cikin bakinka. Batun namiji da mace, in a unguwarku “mota na” ake cewa, ba zan hana ka ba, amma ka san “motata” tana nan, ka zaɓa da saninka. Amshi kuwa ka yi shi da Hausar da ɗan Gusau zai kama a ji ɗaya, ko da kalmar da ɗan Mushin ya riga ya sani, irin wahala ko shikena. Baitoci naka ne, amshi na jama'a ne.

Abu na ƙarshe da zan ja maka kunne a kai shi ne sarar aro. Yara suna cika waƙa da trap da opp da drill ba su san me suke faɗa ba. Trap gidan da ake sayar da ƙwaya ne a Atlanta. Opp abokin gaba ne wanda ake nema da bindiga a Chicago, kuma mutane da dama sun mutu a kan baitocin da aka kira sunansu a ciki. Wani ɗan Islamiyya, mai ladabi, mahaifinsa na sayar da tumatir a Mile 12, ya taɓa tsayawa gaban makirufona yana rantsuwa shi sarkin trap ne. Na kashe na'ura na fassara masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Oga, don Allah goge, Baba yana sauraron waƙoƙina.” Wannan mai sauƙi ne. Mai haɗarin shi ne sarar nan gida. A titunan Legas akwai gaisuwa da kalmomi da launuka da suke na 'yan ƙungiyar asiri, suna yawo a cikin waƙoƙi kamar sarar kowa, yaro ya ɗauka don ta yi masa daɗi a baki, ya je wasa a unguwar da ba ta su ba ya faɗa a kan dandamali. Duk kalmar da ka tsinta a titi, ka sami babba a unguwa wanda ya san gari ka tambaye shi ta wace ce kafin ka ɗauke ta a faifai.

Kafin ka sake rubuta ko layi ɗaya, ka ɗauki mako guda kana yawo da wayarka. Ka shiga danfo daga Pen Cinema zuwa Oshodi, ka zauna wajen mahauta a Oko-Oba, ka tsaya inda iyayenmu mata suke cinikin goro, ka rubuta duk maganar da ta sa ka dariya ko ta tsaya maka a rai, yadda aka faɗe ta, kada ka gyara. Ranar Asabar bayan la'asar ka zo min da littafin, in an kawo wuta mu ɗora su a kan kiɗa mu ji wacce za ta zauna. Ka taho da baitocinka na da ma, ina so in ƙirga “duniya” nawa ke ciki.